Za a sake mana gada, yaya za mu yi da kifaye da tsuntsayen rafin?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne, kuma ni ne magatakardan ƙungiyar ci gaban ƙauyenmu da ke gabas da Zariya, ta hanyar Soba. Gadar da ke kan rafinmu ta tsufa, ƙafarta ɗaya ta zauna tun ambaliyar bara. Yanzu an ba da kwangilar rushe ta a gina sabuwa, kuma mun yi murna ƙwarai, domin da damina mota ba ta shigo mana. Sai dai a ƙarƙashin gadar akwai tsattsewa da jemagu masu yawa, ga wani gurbi da ba ya ƙafewa, inda yara ke kama tarwaɗa, ana kuma ganin guza da kififfiya. Na yi wa wakilin ɗan kwangila magana, ya ce ai da rani za a yi aikin, lokacin rafi ya bushe, babu abin da zai mutu. Shin haka ne? In ba haka ba ne, me za mu nema a yi ba tare da an ce muna hana ruwa gudu ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri da ka kula da wannan. Tambayarka biyu ce: ko yin aiki da rani kaɗai ya isa ya tsare halittun rafin, da kuma abin da mutanen gari za su iya nema wanda ba zai tsayar da aikin da suka daɗe suna jira ba. Na jima ina duba ɓangaren muhalli a ayyukan hanyoyin karkara da kwalbatoci a arewacin jihar Kaduna, kuma maganar da wakilin ya faɗa maka ita ce wadda na fi ji a bakin masu aiki. Rabinta gaskiya ce. Da rani ya kamata a yi aikin cikin rafi, wannan babu ja. Inda ya kauce shi ne cewa babu abin da zai mutu.

Abin da rafi ke ɓoyewa da rani

Ruwan sama a ƙasar Zazzau yana sauka ne daga wajen Mayu zuwa Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara, ya fi ƙarfi a Agusta. Ƙananan rafukan da ke zuba a kogin Galma, har da irin su Kubanni, suna cika su tumbatsa a waɗannan watanni, sannan su janye su bar yashi da 'yan gurabu nan da can. Da ruwan farko tarwaɗa ke haurowa daga babban kogi ta bi ƙananan rafuka ta shiga fadamun da ruwa ya kwanta, ta zuba ƙwai cikin ciyawa. Duk wanda ya tare rafi a watan Yuni ko Yuli ya datse wannan tafiya, kuma ambaliya za ta kwashe masa kayan aiki. Shi ya sa kowa ya yarda da rani.

Amma ka lura da abin da ke faruwa idan ruwa ya janye. Kifin da ke warwatse a rafi mai tsawon kilomita da yawa ba ɓacewa yake yi ba, tattaruwa yake yi a gurbi biyu ko uku. Karfasa, tarwaɗa, kurungu, kififfiya, kwaɗi, duk nan suke jiran damina. Guza nan yake farauta, zalɓe da balbela nan suke sauka, tunku da bushiya nan suke shan ruwa da dare. Gurbin nan da ka ambata kamar rumbun iri yake ga rafin gaba ɗaya: in aka zubar da shi a watan Fabrairu, babu abin da za a shuka a Yuni. Kuma da yake ruwa yakan haƙe ƙasa a bayan tsohuwar gada, sau da yawa gurbin da ya fi zurfi yana dab da wurin aikin, daidai inda direban katafila zai ga ya fi sauƙin tura ɓaraguzai.

Sai gaiwa. Ita ba ta ma bukatar gurbi. In ruwa ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin laka, galibi ba ta wuce zurfin kamu guda ba, ta naɗe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofa tana shaƙar iska da huhu har ruwa ya dawo. Mai kallo daga kan gada busasshiyar laka kawai zai gani. Masunta da yaran da ke tonon gaiwa sun san wuraren sarai. Akwai kififfiya da kwaɗin da su ma haka suke binne kansu.

Na uku, gaɓar rafin. In gaɓar ta ƙasa ce mai tsayi a tsaye, duba ko za ka ga ƙananan ramuka jere kusa da juna. Gidajen wani tsuntsu ne kore mai jan maƙogwaro da ke cin ƙudan zuma da sauran ƙwari masu tashi. A nan Zariya aka yi sanannen bincike a kansa: wani masanin tsuntsaye ɗan Ingila, Hilary Fry, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarun 1960, ya bi rayuwarsu a gaɓar rafukan da ke kewaye da gari. Suna haƙa ramin ne a ƙarshen damina tun ƙasa na da laushi, amma sai tsakiyar rani, wajen Janairu da Fabrairu, suke yin ƙwai, har 'yan'uwa na taya iyaye ciyar da 'ya'ya. Wato daidai lokacin da ɗan kwangila ke ganin komai ya kwanta, su lokacin suke kan ƙwai. In aka sare gaɓar a watan, an binne su ke nan, kuma ba za su iya sake haƙa wani rami a ƙasar da hunturu ya busar ba.

Kafin katafila ta iso

Tun ran gini tun ran zane. Kusan duk abin da za a iya cetowa ana ceto shi ne kafin a sauke kayan aiki, kuma ba ya cin kuɗi mai yawa. Ku nemi injiniyan da ke duba aikin, ba wakilin ɗan kwangila kaɗai ba, ku ce kuna so a zaga rafin tare. Ku tafi da mai unguwa, da tsohon masunci ko sarkin ruwa in kuna da shi, da wani daga cikin Fulanin da ke shayar da shanu a wurin, da mai lambun da ya fi kusa. A bi gaɓa kamar mita 200 sama da gadar, 200 ƙasa da ita. A je da sassafe, a kuma koma da almuru, don jemagu sai lokacin za a ga ta inda suke fitowa. Ni dai abin da nake samu a bakin dattijon masunci a safiya guda ya fi abin da ke cikin rahotanni da yawa da ake rubutawa daga ofis, domin shi zai nuna maka da sanda: nan gaiwa take, nan guza ke shiga, wancan gurbin ko shekarar fari bai ƙafe ba.

Duk wurin da aka nuna a kafa masa turaku a ɗaura igiya ko tsumma mai launi. Direban katafila ba mugu ba ne, abin da ke gabansa yake turewa. In ya ga igiya zai kauce, in bai gani ba babu wanda zai zarge shi. A zaɓi hanya ɗaya tak da injuna za su riƙa sauka cikin rafin, ta inda gaɓar ta riga ta lalace, kamar tsohuwar mashaya. Manyan itatuwan bakin rafi, giyayya, malmo, kanya, ɗinya, ɓaure, a shafa musu fenti a ce waɗannan ba a taɓa su. Saiwarsu ce ke riƙe gaɓa, inuwarsu ke hana gurbi zafi, kuma itacen da ya shekara hamsin ba a maye gurbinsa da dashe.

Sannan a rubuta. Wannan ya fi komai muhimmanci, kuma nan ne jama'a suka fi sakaci. Alkawarin baki a bakin rafi ba ya wuce ranar. Ɗan kwangila abin da ke cikin takarda da abin da aka ware wa kuɗi yake yi. In takardar ba ta ce a kwashe ɓaraguzai a fitar da su daga rafi ba, kuɗin tifa daga aljihunsa zai fito, don haka ba zai kwashe ba. Ku rubuta buƙatunku a shafi ɗaya, dagaci ya sa hannu, injiniya ya sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In da hali a shigar da su cikin umarnin da injiniya ke ba ɗan kwangila a rubuce.

Tsattsewa da jemagun ƙarƙashin gada

A nan sai an yi haƙuri da wani abu: gidajensu za su tafi da tsohuwar gada, babu makawa. Abin da ake nema shi ne kada a rushe da ƙwai ko 'ya'ya a ciki. Tsattsewa iri-iri ne, akwai masu gini da laka, akwai masu manna gashi da ciyawa da yawu, kuma ba lokaci ɗaya suke haihuwa ba. Don haka kada a dogara da lissafin wata, a sa tsani a leƙa. In sheƙa babu komai, a cire ta nan take, a rufe ƙarƙashin gadar da buhuna ko raga mai ƙananan ido da aka ja ta yi tauri, don kada su sake gini kafin ranar rushewa. Raga mai sako-sako tarko ce, gara babu ita. In kuwa akwai 'ya'ya, sai a jinkirta wannan ɓangaren makonni kaɗan, a ci gaba da share hanyar wucin gadi da tara yashi da tsakuwa. Aikin gada yana da sassa da yawa da za a iya juya jerinsu ba tare da an yi asarar rana ba.

Jemagun da ke cikin tsagar kankare masu cin ƙwari ne, kuma manomin da ke kusa yana cin moriyarsu ko bai sani ba. Galibi suna haihuwa ne gab da faɗuwar damina, lokacin da ƙwari ke yawa, saboda haka a raba su da gadar tun tsakiyar rani. Yadda ake yi shi ne a jira su fita kiwo bayan magariba, a haska a tabbatar babu saura, a toshe tsagar da tsumma ko soso. A maimaita dare biyu ko uku. Kada a yi musu hayaƙi, kada a ƙona taya, kada kuma kowa ya kama jemage da hannu, domin cizonsa na iya ɗauke da cuta. Sabuwar gada in aka bar ƙasanta da ɗan kaushi da lungu tsakanin ginshiƙai, tsattsewa kan dawo da kansu.

Lokacin aiki

Abin da na fi jin tsoro a wurin aikin gada shi ne siminti, ba katafila ba. Ɗanyen kankare da ruwan da aka wanke injin kwaɓa shi suna da kaifi sosai, a ma'aunin pH, wanda ake auna tsami ko kaifin ruwa da shi, suna kai 12 zuwa 13, alhali kifi yana rayuwa ne a ruwan da ke kusa da 7. Ka san yadda yake cinye hannun lebura. Haka yake ƙona mashaƙar kifi. A kogi mai gudu ruwa na iya tsarma shi, amma a gurbin rani da ba ya motsi, wankin injin yamma ɗaya ya isa a wayi gari kifi na yawo ciki sama. Na ga haka da idona a wani aiki, kuma ba da mugunta aka yi ba, yaron da ke wanke baro da shebur ne ya ga ruwa kusa. Magani shi ne a haƙa rami nesa da rafi, a shimfiɗa leda, duk wanki a yi shi can, in ya daskare a fasa a kwashe.

Man gas da baƙin mai ma haka. A riƙa zuba wa injuna mai da yi musu juye aƙalla mita 30 daga gaɓa, kuma kada a kwana da inji a cikin rafi. Shanu da tumaki daga wannan ruwan za su sha, masu lambu da shi za su yi ban ruwan tumatir da albasa. In kana son jama'a su tsaya maka, ta nan za ka ɓullo musu, don ba kowa zai damu da kififfiya ba, amma kowa ya damu da saniyarsa.

In akwai sauran ruwa mai gudana, ana tare shi da buhunan yashi a bi da shi ta bututu ko ƙaramar hanya a gefe, don kada na ƙasa su rasa ruwa. Wurin da aka killace a zuƙe shi sannu a hankali, a ɗaura ragar sauro ko ta waya a bakin tiyon injin, a kira masuntan gari su kwashe kifi da kififfiya da koma da bokitai su kai gurbin da ke sama. A biya su ladan yini, in ba haka ba kifin tukunya zai tafi, kuma ba zan ga laifinsu ba. Ruwan laka da aka zuƙo kada a mayar da shi rafi kai tsaye, a sake shi kan ciyawa ya tace kansa. Inda aka san akwai gaiwa kuma dole a haƙa, a fara tonowa da fartanya, a mayar da ita cikin laka mai danshi a wani wuri.

Hanyar wucin gadi da ake yi wa motoci ita ma abin lura ce. Yawanci jar ƙasa ake tulawa a tare rafi, in an gama a tafi a bar ta. Ruwan farko sai ya kwashe ta ya cike gurabun da ke ƙasa. A sa mata bututu tun farko, kuma a kwashe ta kafin ƙarshen Afrilu.

Sai leburori. Mutum ashirin ko talatin da suka yi sansani a bakin rafi wata uku suna iya gamawa da guza da damo da gafiyar wurin, wani ma ya zuba gamalin ko magimfa a gurbi don ya sami na miya. Fomen ya faɗa musu tun ranar farko cewa babu farauta, babu zuba magani a ruwa, kuma mai unguwa ya ji an faɗa. Maciji kuwa za a gamu da shi in an fara ɗaga tsofaffin duwatsu. Mesa a ba ta hanya ta wuce. Kububuwa da kasa da gamsheƙa ba abin wasa ba ne, ran mutum ne gaba: takalmin roba mai tsawo, fitila da dare, in an yi sara a nufi asibiti kai tsaye, ga Asibitin Koyarwa na ABU a Shika, kada a tsaya tsaga ko ɗauri.

Ƙasan sabuwar gada

Ɓarnar lokacin aiki ta wata uku ce, rafi kan farfaɗo bayan damina ɗaya ko biyu. Ɓarnar da ke cikin zanen gadar kuwa tana nan muddin gadar na tsaye. Ka tambayi injiniya abin da za a gina. A ƙananan rafuka sau da yawa kwalbati mai siffar akwati ake yi, mai daɓen kankare, don ya fi araha. In aka ɗora daɓen sama da ƙasan rafi, ko aka matse faɗinsa, ruwa zai fito da ƙarfi ya haƙe bayansa, cikin 'yan shekaru sai ka ga tsalle ya samu, ruwa na zubowa daga bakin kankare. Ka zaga kwalbatocin hanyoyin karkara za ka ga irin wannan da yawa. Tarwaɗa na da naci, takan ja jiki ta jiƙaƙƙiyar ciyawa, amma karfasa da ƙananan kifaye ba za su haura ba. Duk abin da ke sama da gadar ya rabu da Galma ke nan.

Abin da za a nema uku ne. Faɗin gadar ya kai faɗin rafin lokacin da ya cika bakinsa, in da hali ya ɗan ɗara. In za a yi daɓe, a nutsar da shi kamar santimita 30 ƙasa da ƙasan rafi, yashi da tsakuwa su kwanta a kai. Sannan a bar 'yar barandar duwatsu a gefe ɗaya ta ciki wadda ruwan yau da kullum ba ya rufewa, don guza da tunku su bi ta ƙasa maimakon su hau titi. Injiniya zai saurare ka a kan na farko da na biyu, saboda su ne kuma ke hana ruwa cin gindin gada. Ba mamaki abin da ya zaunar da ƙafar tsohuwar taku ke nan, musamman in masu tifa na ɗibar yashi kusa da ita. Wannan ma ku yi maganarsa da dagaci, a ja musu iyaka.

Gaɓar da aka buɗe a dasa mata jema da gamba da ruwan farko, a bi da irin itatuwan da ke wurin tun asali. Ni ba na son a jera itacen turare a bakin ƙaramin rafi, yana shan ruwa da yawa, ƙarƙashinsa kuma ba ya tara ciyawa. Ramin da aka ɗebi ƙasa a cike shi ko a buɗe masa mafita, don kwantaccen ruwa kusa da gari sauro ne da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Doka, da iyakar wannan amsa

Akwai dokar tarayya ta 1992 da ta wajabta auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli, sai dai ƙaramar gadar ƙauye ba kasafai ake yi mata cikakken bincike irin na babbar hanya ba. NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idoji kan fadamu da gaɓar koguna na 2009, da na ayyukan gine-gine na 2011. Dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985 ta lissafa kada da guza da mesa. A jiha kuma akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna. In da kuɗin Bankin Duniya a aikin, to akwai takardar tsarin kula da muhalli da ɗan kwangila ya sa wa hannu, da hanyar kai koke, kuma kuna da damar neman a nuna muku. Duba allon da aka kafa a wurin, zai gaya maka mai aikin da mai biya. Amma kada ku fara da doka. Ɗan kwangilar da aka tarba da barazana yakan daina saurare, wanda aka ce wa "ga abu shida, biyar ba za su ci maka ko sisi ba" yakan yarda.

Ban ga rafinku ba, kuma girman gada da zurfin harsashinta hukuncin injiniya ne, ba nawa ba. In ya ce ƙafar da ta zauna ba za ta kai wata biyu ba, a rushe ko da tsattsewa na kan ƙwai, domin gada ce da yara ke bi. In kuna son wanda zai tantance muku tsuntsaye da kifayen wurin, ku rubuta wa sashen nazarin dabbobi na ABU a Samaru, ɗalibai kan nemi irin wannan wuri don bincikensu.

Bayan an gama aiki akan riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila na wasu watanni, don ya dawo ya gyara abin da ya ɓaci. Ku yi amfani da wannan lokacin. Bayan babban ruwa na farko ku sauka ƙarƙashin gadar da waya, ku ɗauki hoton bakin da ruwa ke fita, da gaɓar da aka dasa, da inda hanyar wucin gadi take, ku aika wa injiniya tare da kwafin takardar da ya sa wa hannu tun kafin a biya sauran kuɗin.